Birkin da Na Yi wa Motar Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. In yana nemana sai ya ce wa Inna, "Ina wancan?" ko da kuwa ina tsaye a bayansa riƙe da butarsa. Ni ma in ina da magana, Inna nake faɗa wa ta kai, ta kawo amsa. Haka ubansa ya yi wa yayansa, kuma a Illela ba gidanmu kaɗai ba ne. Ƙannena kan zauna su ci tuwo kwano ɗaya da shi, autarmu har gemunsa take ja tana ƙarama. Ni kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninmu, in durƙusa daga nesa, ya amsa yana kallon bango. Na san ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta. Amma ba zan ɓoye ba, ta daɗe tana ci mini rai.

Baba direba ne tun kafin a haife ni. Ya ja manyan motoci ya ja ƙanana, tsakanin Sakkwato da Illela da Ƙwanni can tsallaken iyaka. Ya ɗauki albasa, ya ɗauki wake, ya ɗauki 'yan kasuwa da surutunsu. Abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: duk tsawon shekarun nan ko kaza bai taɓa takawa ba. A tasha in sabon direba ya cika rawar kai, tsofaffi kan ce masa ya je ya ga yadda Alhaji yake tsayar da mota, fasinja na shan fura ba ta zuba.

Da ya ajiye haya sai ya sayi motar da ya daɗe yana mafarki. Tsohuwa ce, ta girmi ƙanwata ta uku, amma ba irin tsofaffin nan da ake turawa ba. Doguwa, ja mai duhu, silinda shida, in aka tashe ta sai ka ji kwanon rufin zaure yana amsawa. A wajen wani mutumin Ƙwanni ya same ta, shi kuma an ce daga hannun wani Bature ta fito. Don gudu aka ƙera ta, kuma Baba, duk da furfurarsa, in hanya ta miƙe yakan ba ta haƙƙinta.

Wuri ɗaya yake zuwa da ita. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, yakan goge ta da kansa, ya sa goro da sukari a kujerar baya, ya tafi ƙauyen Gidan Katta wajen yayansa, wanda idonsa ya daina gani. Su yi hira har la'asar sakaliya, ya dawo kafin magariba. Wannan ce ta rage masa daga cikin duk tafiye-tafiyen da ya yi a duniya. Sauran kwana shida yana zaune ne a ƙofar gida da carbi, yana amsa gaisuwa. Ranar Juma'a kuwa shi direba ne, da makulli a aljihu, ba ya jiran kowa ya kai shi. Duk gidan mun san in aka raba shi da wannan tafiyar, an gama da shi.

Ni makaniki ne. Na yi koyo a Sakkwato, na dawo na buɗe gareji a bakin titi, kuma ba yabon kai ba, motocin da ke tsallaka iyaka da yawa sun san hannuna. Amma motar Baba ban taɓa sa mata sifana ba. Wani tsohon abokinsa ne yake duba masa ita, har Allah ya yi masa rasuwa. Ina ganinta tana wuce garejina duk Juma'a, in bi ta da kunne, in ji abin da ke damunta, in ja bakina in yi shiru. Sai wata safiya a farkon damina na shiga gaida Inna, ta ce, "Babanka ya ce a hwaɗa ma wancan ya zo ya duba mishi birki."

Na ce, "Ni?"

Ta ce, "To akwai wani wancan gidan ga bayan kai?"

Na kai shekara talatin da biyar a lokacin, da mata da 'ya'ya, amma wallahi da gudu-gudu na je na ɗauko akwatin kayan aiki.

Ban sha wahalar gano ciwon ba. A cikin bonet, jikin bangon da ya raba inji da direba, akwai wata baƙar tukunyar ƙarfe. Inji ne yake zuƙe iskar cikinta ta wani tiyo. In direba ya ɗan taɓa birki, sai tukunyar ta ara masa ƙarfi, ta tura masta, wato famfon da ke aika man birki zuwa tayoyi huɗu. Ita ce take sa birki ya yi laushi har ɗan yatsan ƙafa ya tsayar da ƙatuwar mota. To robar da ke cikin ta Baba ta fara tsagewa. In an taka sai ka ji tana huci, inji ya riƙa tari, birkin wani lokaci ya kama da laushi, wani lokaci ya ɗan yi gardama.

Na nemi wata. Kwana biyu ina yawo wajen masu kayan gwanjo a Sakkwato, kowa ya juya ta a hannu ya ce rabonsa da ganin irinta tun yana koyo. Na tsallaka Ƙwanni, nan ma babu. Amma wani mai shago ya bi ni har bakin ƙofa ya ce akwai wani tsoho a garin Tawa, can cikin Nijar, da ya tara gawarwakin irin waɗannan motoci a bayan gidansa, in na je ba zan rasa ba. Na ce masa na gode. Ban je ba.

Na daɗe ina gaya wa mutane wai nisa ne ya hana ni, da ruwan sama da ya ɓata hanya. Ƙarya ce. Gaskiyar ita ce na riga na ga wani abu a waya da ya shiga raina. Masu tseren mota a ƙasashen waje da gangan suke cire tukunyar nan, su mayar da birki na ƙafa zalla, wai don direba ya riƙa jin taya a tafin ƙafarsa. Aiki ne na awo da lissafi, ba na kwance wannan ka ɗaura wancan ba, kuma a Illela ban san wanda ya taɓa yinsa ba. Sauya tukunya kowa ma zai iya. Ni so nake in yi abin da Baba zai taka ya san cewa wancan ɗin nan ya iya wani abu.

Sai na je wajen Inna, tana tsince shinkafa, na tsuguna na fara bayani.

Ta ce, "Mi kac ce? Tukunya? Mota ma tukunya gare ta? Mi aka dahwawa ciki?"

Na ce, "Inna, ki bar wasa. Ki ce mishi tukunyar birki ta hwashe, kuma ba a samunta. Ina iya cire ta, in gyara birkin ya yi aiki ba ita. Amma zai ƙara tauri. Ki tambaye shi, mai tauri shika so, ko in sassauta mishi."

Ta maimaita sau biyu don kada ta manta, ta karkaɗe zaninta ta shiga ɗakinsa. Ina jin muryarsa ta bayan labule amma ban ji abin da yake cewa ba. Can ta fito tana dariya.

"Ya ce wai shi aka tambaya tauri? Ya ce sadda shika jan gingimari wadda sai an tashi tsaye bisa birki, ba a haihi wancan ba. Ya ce a yi mishi irin na maza."

Ni ma na yi dariya, don amsar da nake so ke nan. Ga shi tsakanina da shi labule ne kawai, taku uku. Ban ɗaga labulen ba, shi ma bai ɗaga ba.

A ƙofar gida na yi aikin, ƙarƙashin darbejiya, don Baba ba ya yarda motarsa ta kwana a wani wuri. Kwana uku na rufe gareji. Na kwance tukunyar, na toshe tiyon da ke zuwa inji. Na kai awo wajen mai walda ya yanko mini faranti mai kauri, na ɗaure shi inda tukunyar ta tashi. Mastan motar na asali bakinsa faɗi gare shi, sai da taimakon tukunya yake turuwa, saboda haka na samo wani mai ƙaramin baki wanda ƙafa ita kaɗai za ta iya da shi. Saura abu ɗaya, ƙarfen da ake takawa. Sandar da ke tura masta a jikinsa take maƙale, kuma inda ka huda ka maƙala ta shi ne komai. In ka huda can sama, birki zai yi sauƙin takawa, sai dai ƙafa za ta yi tafiya mai nisa kafin ya kama. In ka huda ƙasa kaɗan, zai kama nan take, amma sai ka ba shi ƙarfi.

Na ciro ƙarfen na ɗora a gwiwata, na yi alama biyu da alli. Tsakaninsu bai wuce faɗin ɗan yatsa ba. Na daɗe ina kallonsu. Hankalina ya ce mini mutumin nan fa ya haura saba'in. Sai na tuna "irin na maza", na ga in na yi masa mai laushi zai ce na raina shi. Na goge alamar sama da babban yatsana, na huda ta ƙasa.

Aiki na ƙarshe shi ne fitar da iska daga cikin man birki, kuma wannan mutum ɗaya ba ya yinsa. Dole wani ya zauna a kujerar direba yana takawa, wani ya kwanta a ƙasa yana buɗe ɗan noti a bayan kowace taya yana rufewa. Na miƙe zan je in kira maƙwabcinmu, sai na ga Baba ya fito daga zaure. Bai kalle ni ba. Ya naɗe hannun rigarsa, ya shiga ya zauna a mazauninsa, ya bar ƙofar a buɗe.

Na shige ƙarƙashin motar. Ta yaya zan ba ubana umarni? Ba zan iya ce masa "taka" ba kamar wani abokin aiki. Na yi gyaran murya na ce wa tayar baya, "A taka."

Na ji ƙarfe ya motsa.

"A ƙara. A riƙe."

Sai muryarsa ta sauko mini ta ƙasan mota: "Na riƙe."

Na buɗe notin, mai ya fito da kumfa, na rufe. "A saki."

"Na saki."

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce mene ne abin daɗi a nan. Ni dai a rayuwata ban taɓa yin magana mai tsawon wannan da mahaifina ba. Ina kwance a ƙasa mai danshi, man birki yana bin hannuna, tururuwa na cizona a wuya, amma ina fata tayoyin motar nan sun kai goma. Na ja aikin da gangan. Tayar da sau biyar ya ishe ta sai na yi mata sau goma, don dai in ce a riƙe, ya ce na riƙe.

Na lura man ba ya fitowa da ƙarfi yadda na saba gani. Na ce a raina sabon masta ne, bai zauna ba. Da muka zo tayar ƙarshe, ta gaba ta wajen direba, iska ta gama fita, birkin ya yi tauri sosai. Na ce a riƙe, sai na ji shiru ya ɗan yi tsawo kafin ya amsa. Na ɗago kai ta gefen taya, ƙofa a buɗe, na gan shi. Ya ɗora hannayensa biyu a kan gwiwarsa ta dama yana danna ta ƙasa, haƙoransa a cije, gumi yana ɗiga daga gemunsa.

Na gani. Ba zan taɓa iya cewa ban gani ba. Na mayar da kaina ƙarƙashin mota da sauri kamar wanda ya leƙa ɗakin da bai kamata ba. Na ce wa kaina ai tsofaffin direbobi haka suke, sabo ne na zamanin gingimari. Da ƙanena ne a wurin, da ya ce, "Baba, mi ya samu ƙahwarka?" shi ke nan an gama. Ni bakina bai san hanyar wannan tambayar ba. Kuma in zan faɗi gaskiya duka, ban so a ɓata mini yinin ba.

Na ɗauki motar na zagaya da ita har hanyar Amarawa na dawo. A ƙafata, ƙafar mutumin da ke yini a tsaye yana ɗaga ƙarafa, birkin ya yi daɗi ƙwarai, kana takawa kana jin taya. Na tsaya a ƙofar gida, na ajiye makullin a kan bonet na koma gefe. Baba ya shiga, ya taka sau biyu motar tana tsaye, ya fito. Ya dubi darbejiya ya ce, "Ya yi."

Kwana biyu ina yawo da maganar nan a ƙirjina. Har matata ta tambaye ni ko kujerar Makka aka yi mini albishir da ita.

Ranar Juma'a ina gareji bayan an sauko masallaci na ji motar ta taso. Ta wuce ni tana sheƙi, injin yana tafiya sumul, babu tari. Ban kai ga wanke hannu ba waya ta yi ƙara. Wani tsohon direba ne, abokin Baba, ya ce in zo tasha yanzu-yanzu.

Kafin Baba ya fita daga gari ta gaban tasha yake bi, kuma a bakin tashar akwai wata rumfar kwano inda tsofaffin direbobi suke zama, shi ma yana da wurinsa a kan bencin. A nan na tarar da motar, hancinta a jikin ginshiƙin rumfar, kwano ya rufto a kan bonet, fitila ɗaya ta fashe. Mutane sun yi cincirindo. Baba ba ya wurin.

Abokin nasa ya ja ni gefe ya ba ni labari. Baba ya taho a hankali, har ya ɗaga musu hannu. Sai wata mata mai goyo ta fito daga bayan wata motar kaya ta shiga titi. Tazarar da ke tsakaninsu, in ji shi, ko wanda ya fara tuƙi jiya zai tsaya. Suna kallo motar ta rage gudu amma ba ta tsaya ba, ta ci gaba da silalowa. Sai Baba ya fizgi birkin hannu, ya karya sitiyari ya nufi rumfa da ita. Gefen motar ya shafi zanin matar. Ba wanda ya yi ko ƙwarzane, goyon ma bai farka ba. Amma a gaban tasha ne, ranar Juma'a, kowa yana nan. Wani direba har da ɗaga murya, wai tsofaffi in sun ƙi ajiye makulli a karɓe musu.

Na ce, "Baffa, laihin birki ne. Ni niy yi aikin."

Ya girgiza kai. "Mu ma haka munka zata. Munka ce Alhaji, birki ya tsinke? Don kowa ya san kai kat taɓa shi satin ga. Ya tsaya nan inda kake tsaye, ya ɗaga murya don kowa ya ji. Ya ce birki lahiya lau shike, wanda yay yi shi ya san aikinshi, kar wanda ya ɓata mishi suna. Ya ce ƙahwarshi ce ta ƙi. Ya bar makulli ciki ya tahi gida ƙasa."

Yabon da na yi shekaru ina jira ke nan. A tasha na same shi, a bakin wani, bayan mahaifina ya zubar da nasa sunan don ya tsare nawa. Na shiga motar na taka birkin, ina roƙon Allah ya sa ya nutse, ya sa wani noti ya kwance, in samu abin da zan nuna wa mutane in wanke shi. Ya kama gam. Na kifa kaina a kan sitiyari, ban damu da masu kallo ba.

A gida na tarar da Inna ta rafka tagumi a tsakar gida, ƙofar Baba a rufe. Na tambaye ta ko ƙafarsa tana ciwo. Ta ce tun kafin azumi ƙafar dama take mutuwa masa, wani lokaci takalmi ya fita bai ji ba. Kullum da safe ita take murza masa ita da man zafi. Ya hana ta faɗa wa kowa, balle 'ya'ya.

Raina ya ɓaci, na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga mata murya. "Inna, kin san haka, kuma na aike ki tambayar tauri, ba ki hwaɗa mini ba?"

Ta ɗago ta dube ni. "To mi ya haɗa ƙahwa da tukunya?"

"Da mi aka taka birki, Inna?"

Inna ta yi shekara fiye da arba'in tana auren direba, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa zama a gaban mota ba. Kullum a baya take, a lulluɓe, tana ganin ƙeyarsa da hannayensa a kan sitiyari. A saninta da hannu ake tuƙi. Na ga lokacin da maganar ta isa gare ta. Ta sa hannu ta rufe baki, ta ce, "Da ƙahwa aka yi? Wayyo ni. Ni nik kai, ni nik kawo." Ta fashe da kuka. Na durƙusa ina ba ta haƙuri, don ita ba ta ga hannayensa a kan gwiwa ba, ni ne na gani.

Na gyara rumfar tasha, na gyara fitila da bonet, na kawo motar ƙarƙashin darbejiya. Juma'a ta zo ta wuce, Baba bai ko dubi inda take ba. Daga masallaci sai ɗaki. Ƙanena ya ce zai kai shi Gidan Katta a mashin, ya ce a'a. Yayansa ya riƙa aiko da tambaya ko lafiya, ana ce masa lafiya lau, mota ce ta samu matsala. Zaman ƙofar gidan ma ya rage, don masu wucewa sun koma yi masa jaje maimakon gaisuwa. Cikin 'yan makonni rigunansa suka yi masa yawa.

Na tafi Tawa. Hanyar da na ce ta ɓaci lafiyarta ƙalau, kafin azahar na isa. Tsohon yana nan yadda aka kwatanta mini. Ya kai ni bayan gida, ya ɗaga wani buhu, ga tukunyar nan har guda biyu, robarsu ko tsagewa babu. Na tsaya ina kallonsu har ya tambaye ni ko ba irinsu nake nema ba. Yini ɗaya kacal na ƙi bayarwa tun farko.

Na kwance duk abin da na yi alfahari da shi, farantin da ƙaramin mastan, na mayar da sandar raminta na asali, na ɗaura tukunya. Maƙwabcinmu ne ya taka mini muka fitar da iska. Birkin ya dawo da laushinsa kamar yadda aka ƙera shi. Na ce wa Inna ta faɗa masa. Ta ce ita ta daina kai saƙon mota, in ina da baki in je da kaina. Na je har bakin labulen, na durƙusa, na faɗa. Ba a amsa ba.

Sai Juma'a ta biyu bayan haka, an sauko masallaci, ina zaune a ƙofar gida, ya fito da ƙullin goro da sukari a hannu. Yanzu da sanda yake tafiya. Na miƙe na ba shi makulli da hannu biyu. Ya shiga, ya tashe ta, ya saurari injin. Ya ɗora ƙafa a kan birki, ya nutse masa ba gardama. Ya saki, ya sake takawa. Ya daɗe a zaune hannunsa a kan giya, ni kuma ina tsaye ina addu'a a zuci Allah ya sa ya ja ta ya tafi, ko da ba zai ƙara yi mini magana ba har abada.

Da na ga bai ja ta ba, na durƙusa a bakin ƙofar na ce, "Baba, ran da munka hidda iska na ga hannunka bisa gwiwa. Ban tambaya ba. Ka yahe mini."

Ya juyo ya dube ni. "Ko ka tambaya, ba ni hwaɗi," in ji shi. Sannan ya ce, "Birki ya yi. Amma duk na ɗora ƙahwa, matag ga da goyonta nika gani. Ban yarda da ƙahwag ga ba kuma."

Ya zare hannu daga giya, ya fito, ya bar injin yana aiki. Ya zagaya ta gaban motar yana dafa bonet, ya buɗe ɗaya ƙofar, ya zauna a kujerar fasinja, ya ɗora goron a cinyarsa. Tunda ya sayi motar nan bai taɓa zama a wannan gefen ba, har sai da ya lalubi inda ake jan ƙofa. Ya ce, "Mu tahi, yaya na jira."

Ban sani ba ko da na je Tawa tun farko da ya ƙara shekara ɗaya yana tuƙi, ko biyu, ko wata uku kawai. Ƙafar tana kan hanyarta ta mutuwa ko da ni ko ba ni. Amma da ya ajiye makullin nan da kansa, a ranar da ya zaɓa, a ƙofar gidansa, ba a gaban tasha ba. Wannan ne na ƙwace masa, kuma har yau in na tuna zuciyata ƙuna take.

Na ja motar a hankali. Gero ya yi tsawo a gefen hanya, ruwa ya kwanta a ramuka. Da muka doshi wata kwana sai na ji wani ɗan motsi a gefena, na saci kallo ƙasa. Ƙafarsa ta dama ce ta ɗaga ta danna tabarmar mota, inda babu komai. Sannan ni ma na ga dalili, na taka. Haka a wajen ramin da ruwa ya rufe, haka da garken awaki suka ɓullo daga cikin gero, haka da wani mai amalanke ya shigo hanya ba zato. Idonsa yana waje kamar mai kallon gona, amma kafin in kai ƙafata, tasa ta riga ta taka. Hawaye suka riƙa rufe mini hanya ina sharewa da kafaɗa. Har muka isa Gidan Katta bai makara ba ko sau ɗaya.